Ta'aziyya Ga Iyalan Mafarautan Da Aka Kashe A Uromi

Iyayena maza da mata na Torankawa da sauran garuruwan Bunkure da maƙwabtansu, da ku matan da aka bar wa marayu, da ku yaran da za ku tashi kuna jin labarin mahaifanku a bakin mutane, ina yi muku gaisuwar rashi. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya yafe musu kurakuransu, ya sa watan da suka cika a cikinsa ya zame musu shaida.

Ranar Alhamis, 27 ga Maris na 2025, cikin goman ƙarshe na Ramadan, aka kashe mutum 16 a garin Uromi na jihar Edo. Mafarauta ne, sun taso daga jihar Ribas a cikin babbar mota za su yi Sallah a gida. 'Yan sintiri suka tare motar, aka ga bindigogin toka irin waɗanda kowane mafarauci ke rataye da su, sai aka ce ai masu garkuwa da mutane ne. Taron jama'a ya far musu da duka, daga baya aka cinna musu wuta. Ba a kai su gaban alƙali ba, ba a ba su damar faɗin ko su wane ne ba. A can Uromi aka binne su, ko gawa ba a kawo muku ba, balle uwa ta yi wa ɗanta kallon ƙarshe. Wannan ciwo ne a kan ciwo, kuma duk wanda ya ce muku zai warke da wuri bai san shi ba ne.

Abin da zai sanyaya zuciya shi ne abin da malamai suka karantar da mu tun muna yara. Wanda wuta ta ci yana cikin waɗanda ake wa fatan shahada. Kuma ranar tsayuwa, shari'ar jini ce za a fara yi tsakanin bayi. A wannan zaman ba a ɗage sauraro, fayil ba ya ɓata, shaida ba ya gudu. 'Ya'yanku sun fita neman halal, suna hanyar komawa ga iyayensu ajali ya same su. Ba su mutu a kan abin kunya ba, kuma ƙaryar da aka yi musu ba ta kwana ba sai da duniya ta gane ƙarya ce.

Na san tun daga ranar ba abin da kuke ji kamar "a yi haƙuri, a bar wa Allah." Gaskiya ne, da haƙuri ake karɓar abin da Allah ya hukunta. Sai dai ina so ku sani, wanda ya yi haƙuri da ƙaddara kuma ya tsaya neman haƙƙin jinin ɗansa bai saɓa wa Allah ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan Kano, ya yi wa wannan mas'ala babi. A cikin fiƙihunmu, magada su ne masu jini. Su ake tambaya: ƙisasi kuke so, ko diyya, ko kun yafe? Sarki ba ya yafewa a madadinsu, gwamna ma haka. Diyyar rai raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, kuma gado ce da ake rabawa har da matar mamacin. Sayyidina Umar ya zartar da ƙisasi a kan gungun mutane saboda rai ɗaya da suka taru suka kashe a San'a'a, don kada yawan hannu ya zama mafaka. Da aka tsinci gawar wani sahabi a Khaibar, ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya biya diyyar da kansa, don kada jinin ya tafi a banza. Da irin wannan tarbiyya muka tashi, shi ya sa abin da za ku tarar a kotu zai yi muku ciwo idan ba a gaya muku tun yanzu ba.

A tsarin da muka gada daga Turawan Ingila, laifin kisa laifi ne da aka yi wa hukuma. Sunan gwamnati ake rubutawa a kan takardar ƙara, sai sunan wanda ake tuhuma. Uwar mamaci ba ta da kujera a ciki. In an kira ta, shaida ce. In ba a kira ta ba, 'yar kallo ce. Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera wa wanda ake tuhuma haƙƙoƙinsa a sashe na 35 da na 36: a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, a bar shi ya ɗauki lauya, a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Ba na adawa da ko ɗaya daga ciki. Da an ba mafarautanmu rabin wannan a bakin titin Uromi, da yau suna raye. Amma babu wani sashe makamancin wannan da aka keɓe wa wanda aka zalunta. Har ma sashe na 174 da na 211 sun ba babban lauyan gwamnati ikon janye ƙara kafin a yanke hukunci, kuma ba a wajabta masa ya nemi yardar marayu ba.

Duk da haka ba hannu rabbana kuke ba. Tun a Nuwamban 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa wanda aka yi wa laifi, har da iyalan wanda aka kashe, yana da haƙƙin a mutunta shi, a riƙa sanar da shi inda shari'a ta kwana, a saurari damuwarsa, a kare shi daga barazana, a biya shi diyya, kuma in mai laifin ba shi da halin biya, hukuma ta yi ƙoƙarin biya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta ba alƙali ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta, ta kuma ce a tuntuɓi wanda aka zalunta ko wakilinsa kafin a yi sassauci da mai laifin da ya amsa laifinsa. Kuna da damar ɗaukar lauyanku da zai zauna a kotu yana sa ido a madadinku. Kuna da damar kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa. Ita ce ta binciki kisan mutum 8 da jami'an tsaro suka yi a wani kango a unguwar Apo ta Abuja a Satumban 2013, akasarinsu masu tuƙa Keke Napep, ta yanke diyyar naira miliyan 135 ga iyalan mamatan da waɗanda aka jikkata, gwamnatin tarayya ta biya a 2018.

Hanyar tana da tsawo, ba zan ɓoye muku ba. Ɗaliban jami'ar Fatakwal huɗu da taron jama'a ya kashe ya ƙona a Aluu cikin Oktoban 2012, sai a Yulin 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa, ɗayansu ɗan sanda ne. Kusan shekara biyar iyayen nan suna sintiri a kotu. Amma a nan Kano, shari'ar wata yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe ta ƙare cikin watanni, a Yulin 2022, saboda idon jama'a bai ɗauke daga kanta ba. Abin da ya raba shari'ar da ke tafiya da wadda ke barci sau da yawa shi ne yawan masu tambaya.

Game da kisan Uromi, an ce an kama mutum 14. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo har Torankawa tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf, ya yi ta'aziyya, ya yi alƙawarin diyya da hukunci. Zuwansa abin yabo ne, kuma alƙawarin bashi ne a wuyansa. Sai dai ku kula da abu biyu. Kuɗin jaje da buhunan abinci da manya ke kawowa sadaka ce, Allah ya saka musu, amma ba su ne diyya ba, kuma karɓarsu ba ya rufe shari'a. Sannan duk abin da aka biya da sunan diyya a rubuta shi, a kira malamin da ya san rabon gado, a killace kason marayu a gaban shaidu. Mun sha ganin kuɗin mamaci ya narke tsakanin 'yan kwamiti da dangin da ba su taɓa sayen sabulu a gidan ba.

Ku kuma samari, ƙannen mamatan da abokan farautarsu, na san abin da ke cin ranku. Ɗan kudun da ke sayar da kaya a Sabon Gari bai kashe muku kowa ba. In kun taɓa shi, kun aikata abin da aka yi wa yayyenku, kun kuma ba masu laifin na gaskiya inda za su ɓuya. Mutanen yankin Uromi ma sun daɗe suna kuka da masu garkuwa da mutane, ba a share musu hawaye ba, har tsoro da fushi suka mai da wasunsu makasa. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya ɗauki fetur da ashana. Yana dai nuna abin da ke faruwa a ƙasar da ake barin wanda aka zalunta ya ji da kansa.

Allah ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, ya raya marayu, ya albarkaci bayansu, ya haskaka kaburburan nan da ke nesa da gida.

Mu kuma da muka zo gaisuwa muka watse, da sauran aiki a kanmu. Lauyoyin Kano, ku samu waɗanda za su riƙe wa iyalan nan shari'a kyauta, su riƙa zuwa suna yi musu bayani da Hausa bayan kowane zama. 'Yan jarida, ku riƙa tambayar ina aka kwana, ko da babu wani sabon labari. Maƙwabta, in damina ta faɗi, ku yi wa gonakin marayun nan gayya kafin ku shiga naku.