Ladubban Koyon Sana'a: Darasi Daga Shagon Tela

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya leƙa shagon tela a Maraɗi ko Damagaram zai ga sabon yaro zaune a gefe, ba a ba shi keke ba. Aikinsa shara da guga da sa maɓalli. In ya daɗe, sai a ba shi takardar buhun siminti ya koyi yanka a kanta, don shaddar mutane amana ce. Yaro mai gaggawa yakan ɗauki wannan wulaƙanci ne, ya fita bayan ƴan watanni ya buɗe nasa shago. Ranar jajiberin Salla sai ga shi da rigar da ya ɓata, ga bashi, ga kunya.

Ladabi na farko shi ne niyya. Mai koyo ya nufi neman halal da kare mutuncinsa daga roƙo. Annabi Dawuda, Allah ne Ya sanar da shi ƙirar sulke, kuma daga aikin hannunsa yake ci.

Na biyu, riƙon malami. Ana karɓar sana'a ne daga hannun gwani. Bidiyon waya yana nuna yadda ake riƙe almakashi, amma ba ya ganin hannun mai koyo, balle ya gyara masa. Suratul Kahfi ta ba da labarin Annabi Musa, Kalimullahi, da ya yi tattaki ya nemi bin Halliru don ya koya, kuma sharaɗin da aka gindaya masa haƙuri ne.

Na uku, bi sannu-sannu tare da dawwama. Alƙur'ani kansa cikin shekara 23 ya sauka. Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Muridi ya san wannan daga lazimi: istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma, ba fashi. Awa guda kullum a kan keke ta fi wuni guda a mako.

Na huɗu shi ne mafi nauyi: karɓar gyara. Maigida zai warware ɗinkin da yaro ya wuni yana yi, ya ce a sake. A nan zuciya take tafasa, kuma a nan ake gane wanda zai ƙware. Girman kan da ke hana muridi jin maganar muƙaddami, shi ne ke hana yaro jin maganar maigidansa. Wanda ya ɓoye kuskurensa don kunya, da shi zai tsufa.

In ya ƙware, kada ya manta hannun da ya koya masa, kuma kada ya yi rowar abin da ya sani ga na bayansa.

Allah Ya ba ƴan'uwa ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, albarkacin Annabi (S.A.W.) da Shehu Ahmadu Tijjani (R.A.). Amin.