Bututun Hayaƙi da Haƙƙin Maƙwabci

A ƙasashen da sanyi ke tsananta, irin su Ingila da arewacin Amurka, ana gina murhun jin ɗumi ne a jikin bangon ɗaki, sannan a haɗa shi da bututun hayaƙi, wato doguwar kafa da ke tashi daga saman wuta, ta ratsa rufi, ta fita sarari. Aikin bututun ya rataya ne a kan cewa iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, saboda haka hayaƙi kan yi sama yana janyo sabuwar iska daga ɗaki zuwa ga wuta, kuma gwargwadon tsayin bututun da zafin cikinsa, gwargwadon ƙarfin wannan zuƙa. Idan bututun ya gajarta, ko faɗinsa bai dace da bakin murhun ba, ko wani abu ya toshe shi, sai hayaƙi ya dawo ɗaki tare da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda ke hana jini ɗaukar oksijin har mai barci ya mutu bai farka ba. Idan kuwa ɗanyen itace ake ƙonawa, wata kunkunniya mai danƙo tana taruwa a cikin bututun, ita ma tana iya kamawa da wuta ta cinye gidan.

Dangane da mutanen gida, hukuncin ba ya bukatar dogon bayani. Kare rai yana cikin manyan manufofi biyar da malaman usul suka ce shari'a ta zo ta tsare, kuma ƙa'ida ce sananniya a wurinsu cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi; don haka wanda ya zaɓi hura wuta a rufaffen ɗakin da iyalinsa ke kwana, gina bututu mai kyau da share shi sun hau kansa.

Tambaya mai wuya tana farawa ne daga bakin bututun. Bututu ba ya kashe hayaƙi, yana ɗauke shi ne daga iskar mai gida ya zuba shi cikin iskar kowa, kuma duk ƙwarewar magini ba ta wuce sauya wa cutar wuri ba. Ƙa'idar gini da aka fi sani a Amurka ta ce bututu ya ɗara wurin da ya fito daga rufi da aƙalla ƙafa 3, ya kuma fi duk wani sashen gini da ke cikin tazarar ƙafa 10 tsayi da ƙafa 2, domin tartsatsi kada ya faɗa kan rufi, iska kuma kada ta mayar da hayaƙi ciki. Ma'auni ne mai amfani, sai dai bai ce komai ba game da tagar benen da ke can tsallaken katanga, inda watakila mai ciwon asma yake kwana. Shin mutumin da ya cika wannan ma'auni ya sauke nauyin da ke kansa, ko kuwa hayaƙinsa yana nan a wuyansa duk inda iska ta kai shi?

Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna wannan a babin hana cutarwa, bisa hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa wanda ya haramta cutar da wani da kuma rama cuta da cuta. Muktasar na Shehu Halil, littafin da ɗaliban fiƙihu a ƙasar Hausa suka sani sarai, ya lissafa hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema cikin abubuwan da alƙali zai hana saboda maƙwabci. Wanda ya fi kowa zurfafa bayani shi ne Ibn al-Rami, wani magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai kan aika ya duba rigingimun gini, ya kuma tattara abin da ya karanta da abin da ya gani a littafinsa kan hukunce-hukuncen gine-gine. Ya raba hayaƙi gida biyu: na tanderun gida da madafi, wanda ba a hanawa domin rayuwa ba ta yiwuwa sai da girki, da na gidajen wanka da manyan tanderun gashin burodi, wanda ake hanawa idan ya cutar. Malaman sun kuma bambance tsohuwar cuta, wadda maƙwabci ya tarar, da sabuwa, wadda aka ƙirƙira masa bayan ya zauna, suka fi tsanantawa a kan ta biyun, ko da yake akwai saɓani a wasu rassan mas'alar.

Abin lura a wannan rabo shi ne ma'auninsa bai tsaya ga yawan hayaƙi kaɗai ba, ya haɗa da dalilin hura wutar. Ana haƙuri da hayaƙin madafi ne saboda lalura ce da kowa ya yi tarayya a cikinta: wanda ya shaƙi na maƙwabcinsa yau, nasa zai shiga gidan maƙwabcin gobe. Da wannan ma'auni, murhun talakan da ba shi da wata hanyar tsira daga sanyi yana layi ɗaya da madafi. Amma a biranen Turai na yau, gidaje da yawa da ke sa murhun itace suna da na'urar ɗumama ta gas ko ta lantarki, wutar itacen kuwa don sha'awa ce da kyan gani. Sha'awa halal ce, babu laifi a cikinta, sai dai ba ta da ƙarfin da za ta ɗora wa wani haƙurin da lalura ke ɗorawa. Kuma murhun da aka sa bara a tsohuwar unguwa sabuwar cuta ce ta kowace fuska. Ra'ayin da ya fi dacewa da ruhin wannan fiƙihu shi ne, gwargwadon raguwar bukata, gwargwadon ƙaruwar abin da ake nema daga mai wuta: ƙarin tsayin bututu, lura da inda iska ta fi kaɗawa, busasshen itace, har da barin hura wutar a daren da iska ta tsaya cik.

Duk da haka, fiƙihun maƙwabtaka yana da iyaka, domin an gina shi a kan mai ƙara da wanda ake ƙara, da kuma cutar da ƙwararre zai je ya gani da idonsa, kamar baƙin da hayaƙi ya bari a bango. Bututu mai tsayi yana rusa wannan tsari, saboda yana watsa hayaƙin har ya zamana babu wanda zai nuna bututu guda ya ce shi ne ya cutar da shi. Landan ta ga ƙarshen wannan hanya a watan Disamba na 1952, lokacin da iska mai sanyi ta kwanta a kan birnin kwanaki biyar, hayaƙin kwal daga gidaje da masana'antu ya rasa hanyar tashi, aka ƙiyasta mutuwar mutum kusan 4,000 a lokacin, binciken da aka yi daga baya kuma ya kai adadin wajen 12,000. Babu magidanci ɗaya da za a ce shi ya kashe kowa, kuma da yawan bututun an gina su bisa ƙa'ida.

A irin wannan hali maganar takan tashi daga hannun alƙalin da ke raba mutum biyu, ta koma ga hukuma, ƙarƙashin abin da malamai ke kira maslaha, wato amfanin jama'a da shugaba ke da ikon tsarewa ko da zai taƙaita wani abu da asalinsa halal ne. Birtaniya ta bi wannan hanya da dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon ware unguwannin da aka hana fitar da hayaƙi daga bututun gida, sannan tun daga 2021 Ingila ta hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri don ƙonawa a gida, ta sharɗanta cewa danshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Mai murhun da ya bi waɗannan dokoki ya fita daga hannun hukuma, amma ba za a ce ya fita daga haƙƙin maƙwabcin da tagarsa ke kallon bakin bututunsa ba, domin doka tana auna abin da ya dace da gari gaba ɗaya ne, shi kuwa wancan haƙƙi ana auna shi da abin da ke shiga ɗakin mutum guda.