Kwano a Bayan Gilashi: Karramawa ko Binnewa?

A garin Kurashiki da ke lardin Okayama na ƙasar Japan akwai wani gidan adana kayan fasaha mai suna Ohara. Attajirin masaƙa, Ohara Magosaburo, shi ya kafa shi a shekarar 1930 don tunawa da amininsa, mai zane Kojima Torajiro, wanda ya rasu a 1929. Kojima ne ya riƙa zuwa Turai da kuɗin attajirin yana sayo zane-zane.

Idan muka shiga, za mu tarar da zanen El Greco na Mala'ika Jibrilu yana yi wa Maryamu bushara, da zanen furen bado na Monet. In muka ƙara gaba, sai tsofaffin rumbunan shinkafa na zuriyar Ohara, waɗanda aka mayar ɗakunan nuni. A ciki akwai kwanukan yumɓu na Hamada Shoji da Bernard Leach.

A nan tambayarmu ta taso. An yi zanen El Greco ne domin masu ibada, an kuma gina kwano domin a ci abinci a cikinsa. Yau ba mai durƙusawa gaban zanen, ba mai sa hannu a kwanon. Shin idan muka raba abu da aikinsa muka killace shi, mun karrama shi ne ko mun binne shi?

Wani zai ce mun binne shi, domin kwanon da ba ya ganin abinci ya zama gawar kwano. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai kwanon da ke kan tabarma fashewa yake yi, kuma mai yunwa ba ya tsayawa duban hannun magini. Haka nan, ɗan talakan Kurashiki da ba shi da halin zuwa Faransa, a garinsu ya ga aikin Monet, gani kuwa ya kori ji.

A ganinmu, killacewa bashi ce a kan mai kallo. Wanda ya fito daga Ohara ya koma gida ya dubi kwanonsa da sabon ido, har ya tuna wanda ya gina shi, ya biya bashin. Wanda ya fito yana raina abin hannunsa don ba a sa shi a gilashi ba, kabari ya ziyarta.