Aibin Da Rani Ya Rufe

'Yar'uwa, kin taɓa lura gida ya fi kyau da rani? Ba yoyo, ba danshi, kwata ta bushe ƙayau. Mai saye ya zo a watan Maris ya zagaya, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa rijiya, ya ce madalla. Abin da Agusta ta sani ba ya nan a ranar.

Bayan rasuwar Babanmu aka ce a sayar da gidanmu na cikin birnin Kano a raba gado, a fitar wa Inna tumuninta. Ginin ƙasa ne mai shafen siminti. Bangon ɗakin Inna na gabas, inda hadari ke duka, ya tsage tun daga sama, gindinsa kuma yana shan ruwan kwatar maƙwabta. Yayanmu ya kawo magini ya liƙe tsagar, aka bi da fenti, bango ya fito fes kamar amarya. Da na yi magana sai ya ce, "Ke dai ba ki san kasuwa ba. Ai da idonsa zai zo. Wa ya yi masa ƙarya?"

Wallahi maganar ta hana ni barci, don tana da nata nauyin. Akwai ƙannenmu ƙanana, duk sisin da aka rage daga bakin marayu ya fita. Dillali ma so yake kuɗi su yi tsoka saboda la'adarsa. To amma idon mai saye me zai gani, in ba abin da aka bar masa ya gani ba? Ni a ganina fentin nan magana ce. Ya ce wa mutumin bango lafiya lau, mu kuma muna gefe muna cewa bakinmu bai furta komai ba.

Sai na tuna karatun Islamiyya, labarin mai hatsin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibinsa ya ji jiƙa daga ƙasa. Ruwan sama ne ya taɓa hatsin, ba laifinsa ba ne, kuma bai yi rantsuwar ƙarya ba. Abin da aka kama shi da shi kawai, ya bar busasshen a sama. Namu kuwa ya fi hatsi. Hatsi in ya ruɓe a zubar, bango kan mutum yake faɗawa, yawanci da dare.

Kuma ki duba, mu mata mu ne muka san aibin gida. Maigida ya fita tun safe. Ke kika san inda ake tara roba in an fara ruwa, ke kika san lungun da gara ta ci. Wadda za ta shigo bayanki ita ma mace ce, ƙila a gindin bangon nan za ta shimfiɗa wa jaririnta.

Ranar da matan mai sayen suka zo ganin ciki, Inna ba ta shawarci kowa ba. Ta kama hannun uwargidan, ta kai ta gaban bangon ta ce, "Hajiya, ki gaya wa Alhaji, nan akwai tsaga a ƙarƙashin fenti. Damina uku ban kwana ɗakin nan da hadari ba."

An yi cinikin, amma an rage kuɗi ba kaɗan ba. Yaya ya yi wata biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, wai ni na zuga Inna, kuma har yau in zancen ya taso sai ya lissafa abin da aka rage. Bangon kuwa, sabon maigidan ya rushe shi kafin ruwan fari, ya tayar da na bulo.