Tawakkali da Riƙon Sababi: Mas'alar Kazar Gida

Duk wanda ya daɗe a Jos ya san cewa idan hunturu ya kankama, iska ta riƙa gangarowa daga kan duwatsu tana ratsa gidajen Unguwar Rogo da Gangare har zuwa Bukuru, to lokacin annobar kaji ya yi, har mutum ya kwanta akurkinsa cike, bayan kwana huɗu ya wayi gari babu zakaran da zai yi masa cara. A hunturun da ya wuce haka ta faru ga wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda da kajin nan take sayen sabulu, take yi wa jikokinta ɗinkin Salla. Da na je yi mata jaje sai ta ce, "Malam, ƙaddara ce, wanda ya ba ni shi ya karɓa, kuma wa ya taɓa kai kaza asibiti?" Na ce, "Haƙuri, Inna, Allah ya mayar da alheri." Amma na dawo gida ina juya maganarta, domin rabinta na farko gaskiya ce wadda babu mumini da zai yi jayayya da ita, rabinta na biyu kuwa shi ne abin da ya wajaba a duba da idon basira.

Mas'alar ita ce: shin neman magani ga halitta ƙarama kamar kaza yana rage wa bawa tawakkali, ko kuwa barinsa shi ne sakaci da aka lulluɓe da rigar imani? Magabata sun riga mu amsa irin wannan tambaya. A shekara ta 18 bayan Hijira, sa'ad da annobar Amwas ta ɓarke a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, yana kan hanya zuwa can, da labari ya iske shi sai ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa wanda ya kauce wa annoba bai fita daga hukuncin Allah ba, daga wata ƙaddara ya koma wata, kamar makiyayin da ya zaɓa wa raƙumansa gefen kwari mai ciyawa ya bar ƙeƙasasshe.

Abin lura kuma shi ne, hanin da ya inganta daga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, game da cuɗanya mai ciwo da mai lafiya, a kan dabbobi ya zo, wato kada mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya ɗaya da masu lafiya. Malamai sun haɗa wannan da hadisin da ya kore yaɗuwar cuta, suka ce cuta ba ta da ikon kanta, amma Ubangiji ya sanya cuɗanya ta zama sababi bisa al'ada, kamar yadda ya sanya wuta sababin ƙuna. Sa'an nan a fiƙihunmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya. Wanda kuwa aka ɗora wa ciyarwa, ba a gane yadda za a sauke masa nauyin kula da lafiya ba, alhali mun san an azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma haka ne, shari'a ta halatta yanka. Abin da ba ta halatta ba shi ne a bar ta tana shan wahala alhali ana da ikon sauƙaƙa mata.

To sababi na farko, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne ido. Mai kaji ya kama su ɗaya ɗaya ya buɗe ƙarƙashin fiffike da gindin jela, domin nan ƙwarƙwatar kaji ke taruwa ta ajiye ƙwayayenta. Ya dubi zanko da kewayen ido, inda ƙuma ke liƙewa tana shan jini. Ya haska akurki da dare, domin akwai ƙwarin da ke ɓuya a tsagar bango da rana, sai dare ya yi su fito, har kaza mai kwanci ta gudu ta bar ƙwanta. Idan zanko ya koɗe, kaza tana ci amma ƙashin ƙirjinta ya fito, galibi tsutsar ciki ce. Idan 'yan tsaki suka takure da damina, ana ganin jini a kashinsu, to ciwon hanji ne da damshi da ƙazantar akurki ke rena shi. Waɗannan duka suna da magani a wurin likitocin dabbobi, kuma shara, da sauya shimfiɗa, da zuba toka inda kaji ke birgima, suna rage su ƙwarai. Iyayenmu sun riƙa jiƙa sassaƙen maɗaci da barkono a ruwan kaji, kuma wannan shaida ce cewa su ma sun riƙi sababi gwargwadon saninsu.

Amma akwai cutar da ta fi ƙarfin jiƙo, ita ce wadda ta share kajin maƙwabciyata: kaza ta riƙa haki, tana koren zawo, wuyanta ya murɗe. Likitoci suna kiranta cutar Niyukasil, da sunan garin Ingila inda aka gane ta wajen 1926, kuma idan ta kama babu maganin da ke warkar da ita, sai dai rigakafi tun kafin ta zo. A nan ne hujja ta tsayu a kanmu mutanen Filato fiye da kowa, domin a Vom, kudu da Jos, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1924 don yaƙi da bushiya, cutar da ta taɓa ƙarar da shanun Fulani, wadda kuma cikin ikon Allah aka bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. A Vom ɗin ake yin rigakafin wannan annoba ta kaji, har da irin wanda ake ɗiga wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Ashe mutumin da magani ke kusa da ƙofarsa, ya ƙi nema, bai kamata ya jingina asararsa ga ƙaddara kaɗai ba.

Saura abu mafi nauyi a wurin Allah, shi ne abin da ake yi bayan cuta ta shigo. Da yawa cikinmu, da sun ga kaza ta fara gyangyaɗi, sai su ɗaure sauran su kai kasuwar 'yan kaji da sassafe, su sayar ba tare da bayyana aibi ba, mai saye ya kai gida ya saka cikin nasa, annoba ta tashi daga unguwa zuwa unguwa. Wannan algus ne, kuma cutar da maƙwabci ce, duka biyun haramun ne. Mun ga iyakar abin a 2006, sa'ad da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta bazu jihohi har da Filato, aka hallaka kaji masu yawa. Abin da ya wajaba shi ne a ware mai ciwo, a killace sabuwar kaza kamar mako biyu kafin a haɗa ta da na gida, a binne mushe da zurfi maimakon jefa shi a kwata, kuma kada a ci ko a sayar da ƙwai da naman kazar da ke shan magani sai wa'adin da likita ya faɗa ya cika.

Saboda haka ina kira ga malamanmu, magada Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin ɗibbu, su riƙa ambaton haƙƙin dabbobi a wa'azinsu, kuma ina roƙon masu gida su nemi rigakafi tun kafin hunturu, su haɗa kai unguwa guda a yi wa kajinsu rana ɗaya. Wanda ya yi wannan, sa'an nan kajinsa suka mutu, shi ne ya cancanci ya ce ƙaddara ce, kuma yana da ladan haƙuri a kan ladan amanar da ya kiyaye. Allah ya sa mu gane, ya tsare mana abin da ya ba mu.