UZURIN MUSA BIYAR, DA ABIN DA BAI FAƊA BA



Akwai wata magana da na daɗe ina ji a bakin masu bi, ƙauye da birni. In an ce wa mutum ga aikin Ubangiji, sai ya ce, "Ai ni ban isa ba." Ko kuwa ya ce, "Bari a kai hatsi rumbu tukuna." In an kai hatsi rumbu, lokacin tafiya cin rani ya yi. In ya komo, ga sharar gona. Ruwa ya sauka, ga shibka, ga noma, ga maimai. Haka shekara take zagayowa, aikin yana nan inda aka bar shi. Ni kaina na faɗi wannan magana, saboda haka ba zan yi maka zance kamar wanda ya fi ka ba.

Ka buɗe Littafi Mai Tsarki, Fitowa sura 3 da ta 4. In ba ka iya karatu ba, ka sa yaronka ɗan makaranta ya karanta maka.

Musa yana kiwon tumakin surukinsa Yetro a ƙasar Madayana. Shekara 40 ke nan da barinsa Masar, shekarunsa kuwa sun kai wajen 80. Mutum ne da ya riga ya zauna, ga mata, ga 'ya'ya, ga garke. Rannan ya kora dabbobi har gindin dutsen Horeb, sai ya ga wuta tana ci a cikin wani ɗan itace, itacen kuwa bai zama toka ba. Da ya matsa ya duba, Allah ya kira shi da sunansa, ya ce zai aike shi wurin Fir'auna ya fito da Isra'ilawa daga bauta.

Sau biyar Musa ya kawo hanzari.

Da fari ya ce shi ba kowa ba ne da zai tsaya gaban sarki. Ka lura da amsar da aka ba shi. Allah bai yaba masa ba, bai ce masa ai kai babban mutum ne, ka tashi a fada. Abin da ya alkawarta masa guda ne, cewa zai kasance tare da shi. Na biyu, Musa ya ce in mutane sun tambaye shi sunan wanda ya aiko shi, bai san abin da zai faɗa ba. Allah ya gaya masa sunansa. Na uku, ya ce ba za su gaskata shi ba. Sai Allah ya tambaye shi abin da ke hannunsa. Sanda ce ta makiyayi, irin wadda kowane Bafillace yake ratayawa a kafaɗa. Ba a aiko masa da wata sabuwa daga sama ba; da wannan tsohuwar sanda aka yi alamu a Masar.

Na huɗu shi ne wanda muka fi aro daga wurinsa. Ya ce bakinsa yana da nauyi, bai iya magana ba. To, a Ayyukan Manzanni sura 7, Istifanus ya shaida cewa an koya wa Musa dukan ilimin Masarawa, kuma mai ƙarfi ne wajen magana da aiki. Ko shekara 40 na zama da tumaki ne suka daskarar masa da harshe, ko kuwa yana ƙara wa miya gishiri ne, Allah dai bai tsaya gardama da shi ba. Ya tuna masa wanda ya halicci baki, ya ce zai koya masa abin da zai faɗa.

Har nan Allah yana ta haƙuri. Sai a na biyar, da dalilai suka ƙare, Musa ya fito fili ya roƙa a aiki wani. A nan ne kaɗai Littafi ya ce fushin Ubangiji ya yi ƙuna a kansa. Rashin iyawa bai jawo fushi ba, tambaya ma ba ta jawo ba. Ƙi ne ya jawo.

Yanzu ga abin da na yi shekaru ina karanta waɗannan surori ban gani ba. A cikin uzurin nan biyar, Musa bai taɓa ambaton abin da ya kore shi daga Masar ba. Ya kashe Bamasare ya binne shi cikin rairayi, maganar ta fito, Fir'auna ya nemi ransa, ya gudu. Wannan yana a sura 2. Amma a gaban wutar nan ya yi ta zancen suna, da baki, da rashin gaskatawar mutane, bai ce kome a kan gawar da ke cikin rairayi ba. Ko da ya je sallamar surukinsa, cewa ya yi zai tafi ya duba ko 'yan'uwansa suna da rai. Allah ne da kansa ya taɓo wurin. A sura 4 aya 19 ya gaya masa ya koma, gama dukan masu neman ransa sun mutu. A ganina, da ba abin nan yake cin Musa a zuci ba, da ba a gaya masa haka ba.

Bari in ba ka nawa labarin, ko da yake da kunya.

Dattawan ikkilisiyarmu sun taɓa roƙona in riƙa zuwa wani ƙauye kowace Lahadi, tafiyar kamar awa biyu a ƙasa. Akwai gidaje uku na masu bi a can, ba mai karanta musu Maganar Allah. Na ce ni makarantar firamare ta mishan kaɗai na yi, ban shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Na ce kekena ya lalace. Na ce gona ta yi mini yawa. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ba su ne suka hana ni ba. A shekarar yunwa ta 2005 na ci bashin dami goma na hatsi wurin wani mutumin ƙauyen nan, ban biya ba, har na daina bin hanyar ƙofar gidansa. Ina zan tsaya a ƙarƙashin itace da Littafi a hannu, shi kuwa yana wucewa yana kallona?

Shekara biyu ina ja da baya. A cikin shekarun nan wani tsoho daga gidajen uku ya rasu. Aka ce mini ya sha tambaya ko mai karatun da aka yi musu alkawari ya kusa zuwa. Wannan magana har yau ba ta bar ni ba.

Matata ce ta fasa ƙwai. Wani dare bayan tuwo ta ce, "Maigida, ba keken ba ne. Hatsin mutumin nan ne." Na yi fushi, don ta faɗi gaskiya. Da kaka ta yi na ɗora dami shida a amalanke na tafi. Mutumin ya gaya mini maganganu masu zafi a gaban jama'a, na kuwa cancance su. Ya karɓi shidan, na cika sauran huɗu a shekara ta gaba. Bai zama mai bi ba, kada in yi maka ƙarin da babu. Amma muna gaisawa, wani lokaci har ya aiko mini da ruwan sha ranar Lahadi.

To, kai fa? Kada ka ce ai kira na fasto ne da mai bishara. Wataƙila naka kiran shi ne ka tara iyalinka da dare ku yi karatu da addu'a, abin da ka daɗe kana cewa za ka fara. Wataƙila baftisma ce kake ta ɗagawa don gudun bakin dangi. Wataƙila ɗan'uwanka ne da kuka yi rikicin iyakar gona, kuna zama a majami'a ɗaya ba ku ga maciji. Ke kuma 'yar'uwa, wataƙila an roƙe ki ki koya wa yara ranar Lahadi, ko ki bi da zumuntar mata, kika ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki tambayi kanki ko rawar ce ba ki iya ba, ko dariyar wata mace guda ce kike tsoro.

Ubangiji Yesu ya ba da misalin mutumin da ya shirya babban biki, a Luka sura 14. Ɗaya daga cikin waɗanda aka gayyata ya ce ya sayi gona, zai je ya gani. Ɗaya ya ce ya sayi shanun huɗa guda goma, zai je ya gwada su. Ɗaya ya ce ya yi aure. Gona, da shanu, da aure, duk abubuwan kirki ne, shi ya sa suke da daɗin ɓuya a bayansu. Amma kai manomi ne. Ka taɓa ganin wanda ya biya kuɗin gona kafin ya taka ta?

Ba na ce kowane tsoro na banza ba ne. Waɗanda suke Damagaram ran 16 ga Janairu 2015, da Yamai kashegari, sun ga majami'u da gidajen masu bi suna cin wuta. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba za a ce masa tsoronsa mafarki ne ba. Allah kuma bai yi wa kowa alkawarin hanya mai laushi ba. Da Musa ya yi biyayya ya tsaya gaban Fir'auna, abin da ya fara biyo baya ƙarin wuya ne: aka hana Isra'ilawa ciyawar yin tubali, aka ce su cika adadin da suka saba, har shugabanninsu suka juya suna zargin Musa. Samari uku da suka fara aikin mishan ɗin Sudan Interior sun sauka Legas a ƙarshen 1893. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Walter Gowans da Thomas Kent. Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1924 mishan ɗin ya kafa aiki a Damagaram. Alkawarin da aka ba Musa shi ne aka ba su, shi ne kuma aka ba mu a ƙarshen Matiyu sura 28: Ubangiji zai kasance tare da wanda ya aika. Ba a ce sai tsoro ya fita kafin a kama hanya ba. Ni da tsorona na bi bayan amalanken nan.

Ga wani abu kuma a cikin labarin. Sa'ad da Allah ya yi fushi, a cikin wannan magana ce ya gaya wa Musa cewa wansa Haruna yana tafe ya tarye shi, shi zai zama bakinsa. Wato Musa yana nan yana gardama, an riga an shirya masa abokin tafiya. Nan ma haka na gani. Da na fara zuwa ƙauyen, wani saurayi daga ikkilisiyarmu ya ce zai riƙa raka ni. Ya fi ni murya wajen waƙa, yanzu ma shi yake bi da sujada a can.

Ga abin da nake roƙonka. Yau da dare, in yara sun kwanta, ka durƙusa ka jera wa Allah uzurinka duka kamar yadda Musa ya yi, gama ba ya gajiya da ji. In ka gama, kada ka tashi. Ka faɗa masa na ƙarƙashin, wanda ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, ka kira shi da sunansa, ko bashi ne, ko wani tsohon zunubi, ko fuskar wani mutum. In akwai abin biya, ka sa ranar biya, ko da rabi ne za ka iya. Ran Lahadi kuma, bayan an tashi sujada, ka tsaya ka sami fasto ko ɗaya daga cikin dattawa, ka gaya masa aikin da aka daɗe ana kiranka gare shi, ka tambaye shi wa zai raka ka.