Naman da Bai Ga Wuƙa Ba

Mai sayen nama a Duvu, kusa da Mubi, ba ya tambayar mahauci takarda. Ya san wanda ya yanka, ya san an yi bisimilla, saniyar kuwa ƙila daga tiken Mubi aka koro ta, inda ake kawo shanu daga Kamaru da Chadi. A gaban idon jama'a halaccin nama yake tabbata.

To, ga wani nama ya ɓullo wanda bai ga wuƙa ba. Ana ɗebo ƙwayoyin halitta daga jikin dabba, a zuba su a tankin ƙarfe, a yi ta ciyar da su har su zama tsoka. A Landan aka fara ɗanɗana shi a 2013. Singafo ta ba da lasisin sayar da naman kaza irin wannan a Disamban 2020, Amurka ta bi sahu a 2023, shekarar da Italiya ta hana shi.

Sai dai lasisi ba fatawa ba ne. Hukuma tana duba ko abinci zai cutar da jiki, Musulmi kuwa yana da wata tambayar. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa abin da aka yanko daga jikin dabba tana raye mushe ne. Ƙari a kan haka, da ruwan jinin ɗan tayin saniya aka fara ciyar da ƙwayoyin, kuma Alƙur'ani ya haramta jini. Shi ya sa majalisar Musulunci ta Singafo ta gindaya sharuɗɗa a 2024: dabbar ta kasance halal, kayan haɗin su kasance masu tsarki, naman kada ya cutar.

Wa zai tabbatar wa mutumin Duvu cewa an cika su, alhali tankin yana wata uwa duniya?

Nijeriya ta riga ta ga kwatankwacin wannan. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, da masarar TELA a 2024, waɗanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, duk sun samu amincewar hukuma, amma ce-ce-ku-ce bai lafa ba. Bayani ne ya zo a makare.

Kafin wannan nama ya iso, ya kamata hukumar NAFDAC ta zauna da malaman fiƙihu da sarakunan pawa, ta kuma wajabta rubuta asalin ƙwayoyin da abin da aka ciyar da su a jikin kowane ƙunshi, da Hausa da Fulatanci.